Man Gyaɗar da Bai Tafi Nijar Ba

Tun da babur ɗin maigidana ya lalace nake kwana da tsoro ɗaya: kada wata rana Hajiya Binta ta ce mini babu aiki. Da wannan aikin nake ciyar da Ummi, wadda ko yaye ban yi mata ba.

A gidan Hajiya Binta, nan cikin Daura, muke matsar man gyaɗa. Mu soya gyaɗa, a kai niƙa, mu yi ta tuƙawa da muciya har mai ya taso. Abin da ya rage shi ne tunkuza, da ita muke ƙuli-ƙuli. A layin bayanmu kuwa akwai Hajiya Rabi, sana'arsu ɗaya, sai dai ita tana da injin matsa.

Wata Laraba bayan Babbar Sallar bara ba ta fita raina ba har yau. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ya zo. Ya ce yana son mai duk mako, fiye da abin da gida ɗaya zai iya. Shawararsa, gidajen biyu su haɗu, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa. Ina bakin murhu ina ji, har na fara hango aiki kullum ba yankewa.

Da ya tafi na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, ai alheri ne ya zo."

Ta ce, "Alherin wa?"

"Namu duka. Za ki samu fiye da yanzu."

"Zan samu, Maman Ummi, ban musa ba. Amma Rabi za ta fi ni samu. Baɗi ta ƙara inji, ta karya farashi, ta kwashe ku ɗaya bayan ɗaya. Ranar nan wa zai tuna na taɓa samu?"

Maganarta dai ba ta wauta ba ce.

Washegari ni ta aika in gaya wa Hajiya Rabi ba ta ciki. Na tafi da goyo, ina tsoron ta huce a kaina. Na durƙusa na gaishe ta, na isar da saƙo.

Sai ta yi dariya. "Ta hutar da ni. Da ma ni ma zan aika. Man Binta ya fi nawa ƙamshi, kowa ya sani. In suka ɗanɗana shi a can, sunanta za su riƙe, ni ina ta ƙona inji. Tashi, 'yar nan, gaishe ta."

Ɗan kasuwar ya koma garin Babban Mutum, can aka haɗa masa kayansa. Da gyaɗa ta yi tsada, Hajiya ta rage mana ranakun aiki. Gidan Hajiya Rabi ma an sallami mata. Duk safiya yanzu sai na dubi fuskar Hajiya kafin in ɗaura zanen aiki.

Abin da na gane, masu sana'a ba tukunyarsu kaɗai suke kallo ba, ta maƙwabciya ta fi tsone musu ido. Mu kuwa tukunyar gida muke kallo.

In kana da mutane a ƙarƙashinka, aka kawo maka abin da kowa zai samu, don Allah kafin ka ƙi, ka leƙa wajen murhu ka tambaye mu.