Wawun da ya ɓace a wasiƙar jirgi

A shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, na ƙaryata wani bawan Allah a gaban mutum uku, alhali shi ne mai gaskiya.

Mai shayi ne a bakin layin dogo a Agege, mutumin Nijar, marar yawan magana. Jiragen saman da za su sauka Ikeja ta kanmu suke bi, har kofuna su yi rawa a kan tebur. Wata safiya jirgin soja ya wuce ƙasa-ƙasa, sai mai shayi ya ce, "Kun gani? Ƙofar cikinsa ta buɗe, ƙafa ta fito da tayoyi, ƙofar ta koma ta rufe."

Mahaucin layinmu ya ce, "Ta rufe a kan ƙafar? Ai sai ta datse ta. Ni ƙafa sana'ata ce."

Muka yi dariya, ni da shi da tela da wani mai sayar da raguna. Mai shayi ya aika wa ƙaninsa tambaya, wanda ke gyaran jiragen soja a garinsu. Bayan makonni amsa ta zo da ajami, aka miƙo mini, don ni ke karanta wa layin wasiƙu.

To, a ajami in ba a sa wasali ba, harafin wawu ɗaya ne tsakanin ƙofa da ƙafa. Ƙanin nan kuwa wawunsa kamar ƙwayar gero, ga ruwa ya taɓa takardar. Na gyara murya na karanta: "Ƙafa takan buɗe, ƙafa ta sauko, ƙafa ta koma ta rufe."

Tela ya ce, "Ashe miƙa jirgin yake yi!"

Ni kuwa na ce, "Ɗan uwanka bai ambaci ƙofa ko sau ɗaya ba. Ƙarya ka yi mana." Allah Ya yafe mini.

Bayan la'asar na sake duba takardar a hasken rana, sai ga wawu biyu zaune inda suke. Na juya bayanta, ashe akwai ci gaba. Ƙanin ya ce mai ne ake matsawa ta bututu, shi ke tura komai bi da bi. Babbar ƙofa ta buɗe, ƙafa ta sauko ta kulle, sannan ƙofar ta rufe don kada iska da tsakuwa su shiga cikin jirgi. An bar wa ƙafa 'yar kafar da za ta tsaya, ba abin da ke datse ta.

Na je wurin mai shayi na nemi gafara. Ya ce, "Malam, tsakanina da Allah na yafe. Amma a gaban mutum uku ka faɗa, a gabansu za ka janye."

Mahauci da tela ba su ba ni wahala ba. Mai raguna ne ya riga ya koma kasuwar Alaba Rago. Washegari mai shayi ya rufe teburinsa, muka hau motocin danfo uku, muka sami mai raguna da azahar yana ciniki.

Na ce na zo janye magana. Ya ce, "Wace magana?" Ya manta sarai.

Mai shayi ya ce ba a janye abin da shaida bai sani ba, sai na maimaita yadda aka yi. Na tsaya tsakiyar raguna na kwaikwayi jirgi da hannuwa, na karanta wasiƙar da kuskurena, na dubi mai shayi na sake ce masa, "Ƙarya ka yi mana."

Mai raguna ya ce, "Haba Malam, da girmanka?"

Na ce, "Na janye. Gaskiya ya faɗa, ni ne ban iya karatu ba ran nan."

Mai shayi ya miƙo mini hannu, ya ce, "Shi ke nan. Mu nemi ruwan alwala."