Tsagar Kaka Tana Jikin Rijiya

Da an sallame Magariba a gidanmu na unguwar Nakkasa da ke Makka, rige-rige muke zuwa saman soro, inda Kaka ke hura gawayin shayi. Sharaɗinta ɗaya ne: kowa ya ci dabino ya miƙo ƙwallon. Da ƙwallayen take jera tsohuwar hanyar raƙuma ta Jidda zuwa Makka a kan tabarma, kowane ƙwallo zango guda. Ni da ba na wasa da cikina, rabin hanyar daga bakina take fitowa.

"Yalla, ku matso, ayari zai tashi," in ji ta.

Sai ta bi da yatsa: ga Bahra mai rumfunan gahawa, ga Hadda mai itatuwan dabino, ga duwatsun iyakar Harami. Tsakanin Bahra da Hadda take sassauta murya. A nan naƙuda ta kama mahaifiyarta, bayan shekaru suna tafe daga ƙasar Katsina. Ayari ya wuce ya bar su a gindin wata rijiya. Ranar suna babu wanzami, sai mahaifinta ya zaro wuƙa ya yi wa dutsen bakin rijiyar tsagar gidansu, uku dama, uku hagu.

"Ku dubi fuskata, sumul. Tsagata tana can, rijiya ke riƙe mini."

Yayata Bilki takan murguɗa baki ta ce tatsuniya ce, ni kuwa har kuka nake don haushi.

Kaka ta rasu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Kabarinta babu alama, gidan Nakkasa kuma an rushe shi. Tsoro ya kama ni cewa ba abin da ya rage mata a duniya sai bakinmu. Bara na matsa wa Bilki muka hau tsohuwar hanyar a motata. Rijiya biyu muka duba, ba komai, tana ta yi mini dariya. Ta ukun wani mai kiwon awaki ya nuna mana, busasshiya, a bayan garejin motoci. Bilkin ce ta riga ni durƙusawa, ta share ƙasa da gefen mayafinta.

"Wallahi ga ta! Zo ka ƙirga!"

Shida cif. Na yi ta tsalle kamar ba uban 'ya'ya huɗu ba, Bilki kuwa ta kwantar da kuncinta a kan dutsen ta ƙi tashi.

Da ina yaro na ɗauka hanya Kaka ke koya mana. Ashe kwatancen inda za mu same ta take yi.