Reshen Gabas

Addi bai taɓa mallakar bishiya guda sukutum ba. A ƙauyensu na Igir, can saman duwatsun Tafrawut, abin da gado ya ba mutum shi ne nasa: rabin bishiya, ko sulusinta, ko ƙasa da haka. Kakansu ya bar bishiyoyin almon masu yawa, ya kuma bar jikoki da suka fi su yawa. Duk sun gangara birni sun buɗe kantuna. Addi kaɗai ya zauna, saboda haka rabon na kowa ne, wahalar kuma tasa.

Shi ma ya taɓa gangarawa yana saurayi. Ya tsaya a kantin kawunsa a Kazablanka, aka ce ba ya sakin fuska, mai sayen sukari sai ya ɗauka bashi ya zo roƙo. Ya tattara kayansa ya dawo. Ya auri Ijja, ya kama gyaran ginin duwatsun da ke tare ƙasar gonaki, wanda ruwa ke rushewa duk shekarar da ya ga damar zuwa. Hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Ba shi da doguwar magana. In ka ce masa za ka yi abu, sai ya dube ka ya ci gaba da abin da yake yi.

Cikin bishiyoyin akwai wadda ake kira ta Kaka, a bayan tsohuwar rijiya. Ba wanda ya dasa ta, da kanta ta fito. Ƙwayarta ƙarama ce, ɓawonta tauri kamar na kowace, amma in aka soya ta aka niƙa da man bishiyar argan da zuma, aka yi abin dangwala gurasa da suke kira amlu, sai maƙwabta su ji ƙanshi su shigo gaisuwa. Matsalar almon ita ce ba ya gadon hali. Ka shuka ƙwayar mai zaƙi, ka jira shekaru, ta fito maka da ɗaci. In ana son irin ya ɗore, sai dai a yi masa aure: a yanko tsinken reshe a dasa a jikin wata bishiyar.

Fari ya jera shekaru. Tsutsa ta shiga gindin ta Kaka, ganyenta ya fara zuba tun kafin lokaci. A ƙasan gonar kuwa akwai wasu guda uku masu ɗaci, lafiyayyu, ko a jikinsu. Abin da Addi ke so bai wuce ya sare kawunansu ya ɗaura musu ta Kaka ba. To amma a Igir ba a ɗora zarto kan bishiyar gado sai duk mai rabo ya ce i da bakinsa, a zaune, a gaban shayi. Su kuwa masu rabon a watan Agusta kawai suke zuwa. Aure kuma sai da sanyi.

Babban cikinsu shi ne Alhaji Lahsan, ɗan wan babansa, mai kantuna biyu da wani katafaren gida a ƙauyen da ke rufe sai lokacin hutu. A falonsa Addi ya kawo maganar.

"Yaya, ta Kaka na mutuwa. Ina so in sare masu ɗacin nan."

"Ka dai sha shayinka tukuna, Addi. Kai kullum kamar wanda aka biyo."

"Na sha."

Alhaji ya tura masa faranti. Almon ne manya-manya, sumul, kowace kamar 'yar'uwarta.

"Ɗanɗana. Daga Amurka. A kwali suke zuwa, babu tsakuwa, babu mai ɗaci ko ɗaya, kuma sun fi namu araha ko da kuɗin jirgi. An ce can inji ke kama bishiya ya girgiza ta, kafin ka ƙifta ido an wuce ta gaba. Sifaniya ma sun kama hanya. Kai kana nan kana kakkaɓa da gora."

Addi ya tauna guda. "Kamar alli."

"Allin nan nake sayarwa har nake gyara muku masallaci."

"Bishiyoyin fa?"

"Ai ni ba ni da ta cewa. Amma ka san ɗan'uwanmu Musa yana Faransa. 'Ya'yan marigayiya Fadma kuma ba su zo bana ba. Masu ɗacin nan dai mai matsar mai yana saye, ba a rasa na sabulu. Bari baɗi mu cika, a zauna."

Da shekara ta zagayo Musa ya zo, Alhaji ya tafi Umra. Shekarar da ta biyo aka cika, aka yi biki, aka ce ba a kawo maganar gado a gidan biki. Addi ya bi su ta waya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce shi ya yarda in dai sauran sun yarda. Ta Kaka kuwa rabinta ya riga ya bushe.

Wata safiya yana zaune yana wasa wuƙar da ba shi da abin yankawa da ita, Ijja na fasa almon a kan dutse, sai ga Goggo Mammas ta shigo da sandarta. Ita kaɗai ta rage a 'ya'yan kakan. Idonta ya tafi, bakinta na nan.

"Wa ke goga ƙarfe haka? Ko ragon layya ya iso?"

"Ɗanki ne, Goggo," in ji Ijja. "Bishiya yake wa zaman makoki tun ba ta mutu ba."

Goggo ta laluba tabarma ta zauna. "Har yanzu masu tumbin ba su zauna ba?"

"Suna kan hanya," in ji Addi.

"Kai ma dai uban naka ka biyo, ƙarfi kamar alfadari, tambaya babu. Da ka tambaye ni. Ranar da Baba ya raba masu ɗacin nan uku ina tsaye. Ba buhu ya raba ba, rassa ya raba. Ya dafa reshen gabas ya ce na Bihi ne. Ubanka ke nan. Daga baya ne da lalaci ya zo aka koma kakkaɓe su tare a raba a ƙasa."

"Za ki faɗi haka a gaban liman?"

"A gaban sarki ma. Me zai yi min, ya makantar da ni?"

Ta faɗa, liman ya ji, dattawa biyu suka shaida. Da Janairu ya kama, Addi ya hau ta Kaka ya nemo 'yan tsinkayen da ke da sauran rai. Ya sare reshen gabas a kowace daga cikin ukun, ya tsaga, ya soke tsinkayen, ya shafe da taɓo, ya ɗaure da tsumma. Sauran rassan bai ko taɓa ganyensu ba. Dukkan ukun suka kama. Kafin zafi ya ƙare ta Kaka ta bushe ƙurmus, Ijja ta yi ta gasa gurasa da itacenta har sanyi ya fita.

Ya yi ta jigilar ruwa a jarka bisa jaki. Ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ya faɗa wa 'yan'uwa abin da ya yi, suka ce madalla, Allah ya yi albarka, aka koma hirar kuɗin hayar kanti. Sabbin rassan suka tashi siri-siri, suka yi tsawo. Shekarar da suka fara 'ya'ya na kirki, nauyi ya sa suka ranƙwafa, ya kafa musu gwafa.

A Igir ba a taɓa almon sai ranar da aka yi shela. Dattawa ke duba bishiyoyi, in ɓawon ya tsage su faɗa bayan sallar Juma'a, washegari kowa ya fita a tare, don kada wani ya riga wani zuwa bishiyar tarayya. Ana kuma naɗa mutum guda ya tsare gonakin sama, na waɗanda ba su zo ba. A wannan shekarar ma Addi aka naɗa, kamar wadda ta wuce, don shi ne ba ya gardama.

Ya samu Alhaji a ƙofar masallaci.

"Yaya, ukun nan na ƙasa ku bar min su. In na sauko zan tsinke na gabas da hannu, sai a kakkaɓe sauran."

"Kada ka damu, ƙanena. Jeka abinka."

Da hantsi yana can sama ya jiyo ƙarar gora daga inda bai kamata ba. Ya gangaro yana zamewa a kan tsakuwa. Ya tarar da Alhaji ya tuɓe jallabiya, daga shi sai 'yar shara, gumi sharkaf, da surukinsa da wani baƙo da suka zo da shi daga birni, kowa da gora. Mata sun shimfiɗa barguna, almon ya taru tuli guda. Ana ta raha.

"Ga mai gadi nan," in ji Alhaji yana haki. "Kullum kana cewa ba ma taɓuka komai. To duba. Tun ina yaro rabona da gora, amma hannu bai manta ba."

Addi bai dube shi ba. Ya wuce wajen ta farko. Reshen gabas yana ƙasa, ya ɓalle daidai inda aka haɗa, wurin fari fat. Ta biyu ma haka. Tsohon reshe yana shan duka ya kwana lafiya, amma mahaɗin aure bai gama ƙwari ba, gora ɗaya ta ishe shi. A ta uku reshen ya tsage ya rataye, ɓawo da ɗan itace kaɗan ke riƙe da shi.

"Na ce ku bar min su."

"Ai sauƙaƙa maka muka yi. Na ga rana na yi, na ce me za a jira? Reshe ne fa, Addi, wani zai fito."

"Zai fito. Mai ɗaci."

Ijja ta durƙusa gaban tulin ta ɗebi hannu guda ta duba. Mai zaƙi da mai ɗaci sun gauraye, babu mai iya raba su da ido. Ta watsar.

"Shi ke nan, Alhaji, ka yi wa mai matsar mai gata. Bana har da zaƙi zai saya a kuɗin ɗaci."

Alhaji ya share gumi. Fuskarsa ta sauya, don ba mugu ba ne, bai dai saurara ba ne kawai.

"Zan aiko muku da kwali guda in na koma. Biyu ma. Kuma gobe in Allah ya kai mu a tara kowa, a gama maganar saran nan gaba ɗaya."

Addi ya kwance rawaninsa ya kekketa shi. Ya ɗaga reshen a hankali ya mayar da shi mazauninsa.

"Riƙe nan."

"Ni?"

"Hannun da bai manta ba. Riƙe, kada ka motsa."

Alhaji ya riƙe, hannuwa sama, rana na dukansa, har Addi ya je rijiya ya kwaɓo taɓo ya dawo. Bai yi sauri ba. Ya shafe, ya naɗe, ya ɗaure, ya sake kafa gwafa. Sannan ya ɗauki sandarsa ya koma gonakin sama, don ba a sallame shi daga gadi ba.

Ba a zauna washegari ba, surukin ne ya tashi da ciwon ciki. Sati na zagayowa motoci suka gangara, aka kulle manyan gidaje. Kwalayen sun iso kamar yadda aka yi alkawari. Ijja ta gwada amlu da su, ta ƙara zuma, ta ƙara mai, daga baya ta rarraba wa maƙwabta.

Ganyen reshen ya zube tun da wuri. Addi bai san ko barci yake yi ko mutuwa ba, kuma bai yarda ya taɓa shi ba sai da Janairu ya shigo. Ranar ya je shi kaɗai, ya sa farce ya kankare ɓawon kaɗan. Kore ne.

Ya dawo gida ya ɗauki zarto.

"Ina zuwa?" in ji Ijja.

"Ƙasa."

"Na gabas kawai?"

"Duka."

Ta ajiye dutsen hannunta. "Za su kai ka gaban dattawa."

"Su kai."

"Za a ce ka ci gado."

"A ce."

Ta dube shi, ta miƙe ta ɗauko tsohon zanenta ta fara yayyaga shi tsumma-tsumma.

Kafin azahar ya sare kawunan ukun gaba ɗaya, sai reshen nan guda da ya bari. Daga jikinsa ya yanko tsinkaye ya rarraba wa kututturan, gabas da yamma, kudu da arewa.

An kai shi gaban dattawa kuwa. Suka ce ya yi laifi, kuma ya yi. Aka yanka masa ciyar da jama'ar masallaci, ya sayar da akuya ya ciyar. Musa ya bugo daga Faransa ya yi ta faɗa har katinsa ya ƙare. Alhaji Lahsan ya daina yi masa magana. In sun haɗu a masallaci sai ya miƙa masa yatsu biyu yana kallon wani wajen. Goggo Mammas ta rasu kafin ta ji yadda aka ƙare.

Tsinkayen ba duka suka kama ba, amma kowane kututture ya samu nasa. Ba su fara 'ya'ya ba tukuna, kuma in sun fara, a ƙasa za a raba kamar kullum, kowa da kasonsa, har da masu fushin. Bana ma ruwa bai zo ba. In ka bi hanyar rijiya da sassafe za ka gamu da Addi da jakinsa da jarkoki, ya ɗan ranƙwafa, gwiwa ta fara ba shi wahala. Ka gaishe shi, zai amsa, amma ba zai tsaya ba.