Rahina Mai Batso Ta Daina Ban Kwana

Baƙon da ya shigo ƙauyen nan na kusa da Hawandawaki yana neman gidan Rahina ba ya buƙatar ɗan rakiya, hancinsa ya ishe shi. Daddawar batso take yi, ta 'ya'yan yakuwa, kuma duk wanda ya san batso ya san warinta ba ya ɓuya. Tun tana amarya ta koyi sana'ar a hannun uwar mijinta. Da ita ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijin, Isiyaku, da ita kuma ta kai autanta Sabiru lakwal, wato makarantar boko, har ya zama mushe, malami ke nan, yana koyar da yara a Mayahi. Ranar kasuwar Tasawa mata sukan wuce faifan wasu su tsaya a nata, ko da kuwa za ta haɗa musu da baƙar magana, don Rahina ba ta iya ciniki baki a rufe ba.

Tana da wata ƙatuwar tukunyar ƙasa, baƙa ƙirin, gadon uwar mijin nata. In ta dafa 'ya'yan yakuwar suka yi laushi, ta daka su da ruwan toka, sai ta zuba a ciki ta rufe ruf da tsummoki, ta ɗaure bakin da igiyar kaba da wani irin ƙulli nata na kanta. Daga nan ba mai taɓawa sai ita. Takan ce yawan leƙe ke sa iska ta shiga ta ɓata aikin, wanda ya mance da tukunyar kuma tsutsa zai tarar. 'Ya'yanta duk sun sha dundu a kan wannan doka.

Danga ɗaya ta raba gidanta da na Zuhura. Shekara guda aka kawo su unguwar a matsayin amare, kuma tun daga lokacin suke faɗa a kan kaji da awaki da hayaƙi, su shirya kafin la'asar. Wanda bai san su ba sai ya ɗauka gaba suke yi. Amma da ciwon daji ya kama Rahina a nono, aka yi mata aiki a Maraɗi, aka kai ta Yamai aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya har gashinta ya zube, Zuhura ce ta riƙe mata gida da dabbobi. Rahina ta dawo ta murmure, ta koma kasuwa, har mutane suka fara mantawa. Sai bayan wasu shekaru ciwon baya ya matsa mata, aka ɗauki hoto, aka ce abin ya dawo, ya sauka a ƙashi. Likitar da ke duba ta a Maraɗi, wata mace mai magana a hankali, ta ɗora ta a kan ƙwayoyi, ta ce ta riƙa zuwa duk wata uku a shigar da ita na'urar hoto a ga ko maganin na riƙe ciwon.

To, a ƙauyen akwai abin da kowa ya tashi ya tarar. Wanda zai yi doguwar tafiya, ko za a sa masa wuƙa a asibiti, sai ya bi gida gida ya nemi yafiya. Al'ada ce mai kyau, ba mai musu. Sai dai Rahina ta ɗauki kowane zuwa hoto a matsayin tafiyar da ba a dawowa. Tun da sauran makonni take fara zagaye. Ta durƙusa wa wannan, ta rungume waccan, ta tono laifin da mai shi ma ya mance, a yi kuka a share hawaye. Ba ta tsaya nan ba, har kaya ta shiga rabawa. Turmi ya tafi gidan liman, awaki biyu suka tafi wajen ɗiyar ƙanwarta, tukunyar kuwa da kanta ta ɗauka ta tsallaka da ita gidan Zuhura. Ranar tafiya rabin gari ya raka ta har inda ake hawa babur.

Kwanaki kaɗan sai ga ta ta dawo da ƙafarta, an ce ciwon yana nan inda yake, bai ƙaru ba. Aka yi barka. Amma kyauta ta riga ta fita, kuma Rahina ba za ta buɗe baki ta ce a maido mata ba, ko da za ta daka da hannu. Haka ta koma aron turminta a gidan liman, tana sallama a ƙofa kamar baƙuwa.

Batso kuwa ta daina. Kafin tafiya hankalinta ba ya jikinta, bayan dawowa kuma ta fara lissafin tafiya ta gaba, ga shi ba tukunya. Sai ta zauna a inuwar rumbu tana jan carbi tana sauraron bayanta, ko ya motsa ko bai motsa ba. Ciwon bai kwantar da ita ba, maganin yana aiki, amma matar da ake jin muryarta daga rijiya ta koma shiru, abin tausayi. Wata uku ya cika ta sake zagaye, wani ya cika ta kuma. Tun mutane na kuka har suka koma cewa sun yafe tun kafin ta gama sallama, wasu ma in sun hango ta sai su tuna suna da aiki a bayan ɗaki.

A zagaye na huɗu ne ta shiga gidan Zuhura da hantsi, ta same ta tana sheƙar hatsi. Ta fara durƙusawa ke nan Zuhura ta aje faifan.

"Tashi, don Allah. Na yahe miki na kaji, na yahe na awaki, na yahe wanda kinka yi da wanda ba ki yi ba. Babu saura. In kina son wata yahiya, ki koma gida ki yi mini sabon laihi."

Zuhura ta ci gaba da faɗa, idonta cike da hawaye, ta ce ita ta gaji da binne ƙawarta sau huɗu a shekara alhali ga ta nan tana cin tuwo. Ta shiga ɗaki ta kinkimo tukunyar ta dire mata a gaba, ta ce ba maido kyauta ta yi ba, aro ne ta ba ta, kuma miyar unguwar nan duk ta lalace tun da aka koma sayen batson wasu.

Maganar nan ta bi Rahina har Maraɗi. Sabiru ne ya tarye ta a tasha kamar kullum. Shi kuwa tsoro ya riga ya cika masa ciki, so yake ma a riƙa yin hoton kowane wata, kuma da shigarsu ya fara zuba wa likitar Faransanci a kan haka. Rahina ta bari ya gama, sannan ta ce a yi maganar da Hausa, tunda bayanta ne ba nasa ba. Ta tambayi likitar ko hoton nan magani ne.

Likitar ta ce a'a, hoto dubawa ce kawai. Amfaninsa shi ne in maganin ya daina riƙe ciwon a gane a sauya wani. Da farko dole a riƙa dubawa kusa da kusa, amma tunda an yi ta dubawa abin bai motsa ba, ana iya buɗe tsakani, in mai jikin ta yarda. Ba ta ɓoye musu ba cewa in an buɗe tsakani, ciwon na iya motsawa a ɗan jima ba a sani ba. Ta kuma ce yawan hoto ba ya hana shi motsawa. Sai ta tambayi Rahina yadda take zama tsakanin zuwa da zuwa, tambayar da ba wanda ya taɓa yi mata. Rahina ta kwashe labarin zagaye da turmi da awaki ta faɗa mata, likitar na dariya tana girgiza kai.

Suka tsaya a kan sau biyu a shekara, ɗaya bayan an gama kaka, ɗaya kafin ruwa ya sauka. A tsakani za ta riƙa leƙa asibitin Tasawa karɓar ƙwayoyi a duba ta. In kuma ta ji sabon ciwo da ya ƙi tafiya, ko ƙafa ta yi nauyi, ko numfashi ya sauya, to ba jiran randebu, wato ranar da aka sa mata, ta taho nan take. Sabiru bai so ba. A waje ya ce mata shi tsoro yake ji kada a makara.

"Na sani, auta," ta ce. "Ni ma ina ji. Amma ka bar ni in yi zaman duniya tsakanin hoto da hoto."

Da ta koma gida wari ya dawo unguwa. Ta je gidan liman ta ce aron turmin nan zai daɗe, matar liman ta gane, ta sa aka kai mata. Kafin wata ya ƙare ta yi wa Zuhura sabon laifin da ta nema, don akuyar Zuhura ta shiga shanyar batso, Rahina ta bi ta da muciya har cikin gida, aka yi ta cacar baki ta saman danga. Maƙwabta suka ji daɗi ƙwarai. Rahina ta yi damina tana kai wa masu noma fura, ta yi kaka, hoton bayan kaka ya fito lafiya, kuma ba ta zaga gidan kowa ba.

Da bazara ta yi, lokacin hoto na biyu, ta dafa yakuwa ana gobe tafiya, ta zuba a tukunya ta ɗaure. Da safe ta leƙa ta danga ta ce wa Zuhura ta sa mata ido a gida, amma kada ta kuskura ta taɓa tukunyar, ita za ta dawo ta buɗe abinta.

Wannan karon ba ta dawo da wuri ba. Hoton ya nuna ciwon ya taɓa wani wuri sabo, aka riƙe ta a Maraɗi ana gwajin jini, aka sauya mata magani, likitar ta ce yanzu kam sai an koma duk wata uku har a ga kamun sabon. Rahina ba ta yi musu ba, don da ma a kan haka suka yi. Ranta ya ɓaci, ta yi kukanta a mota, ta share fuska kafin Tasawa.

Ta iso gida da yamma ta tarar da Zuhura zaune a tsakar gidanta. Ba ta yi mata kwana-kwana ba, ta faɗa mata abin da aka gani. Zuhura ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya sauwaƙa. Rahina ta aje jaka ta nufi tukunya. Tun daga nesa ta ga ƙullin ba nata ba ne.

"Kin buɗe."

"Na ga kin daɗe," in ji Zuhura. "Na ce kar ta ɓaci. Kuma na ji tsoro, Rahina, na ce ko ba ki dawowa. Ki yahe mini."

Rahina ta kwance igiyar, ta ɗaga tsummokin ta sunsuna. Daddawar ba ta ɓaci ba, ta yi daidai. Ta ɗebo kaɗan a yatsa ta ɗanɗana, ta daɗe tana kallon ƙawarta.

"Ban yahe ba," ta ce. "Wanga laihin ajiye shi zan yi. Ki jira in je hoto na gaba in dawo, sannan mu gani. Miƙo mini tabarma, mu shanya tun da sauran rana."