Biyu Nawa, Biyu Nata

Wata rana wani saurayi ya sauka a tashar garinsu, shekara bakwai rabonsa da gida. Mu kira shi Jazuli.

Ya yi dako a Legas. Ya yi leburanci a Agadas. Ya haƙi zinariya a wani dajin da ko sunansa ba ya son tunawa. Irin masu ƙaiƙayin ƙafar nan ne, in ya yi wata uku wuri ɗaya sai ya fara leƙen hanya.

Amma wannan karon ya rantse ya dawo ke nan.

Garin dai bai jira shi ba.

An sare rimin bakin tasha, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Filin ƙwallonsu ya zama gidaje. Mai shayin kan kwana ya rasu. Abokansa rabi sun aje tumbi, rabi sun bi duniya kamar shi.

Sai ƙaramin asibitin gari.

Da zai tafi, kango ne, awaki ke kwana a ciki. Yana can aka ba shi labari a waya cewa wata ƙungiya daga ƙasar waje ta gyara shi. An sa sola, an kawo firij, an ɗauki ma'aikata, har da babur mai kai majinar masu tari birni a gwada.

Yau ga shi a gabansa. Fenti bai ko dushe ba. Ga allo da hoton hannu biyu suna musabaha.

Ga kuma kwaɗo a ƙofa. Babur na jingine, tayoyinsa sun sace.

Bai tsaya ba. Mahaifiyarsa yake son gani.

Tun daga zaure ya ji tarin.

Inna na zaune a tabarma, zani ya yi mata yawa. Ta ɗago ta dube shi, ta kau da kai. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ta ce, "Kai wannan, ashe kana tafe?" Sai tari ya ƙwace sauran maganar.

Shi a saninsa Inna ta warke.

Bara ta kira shi ta ce an gano tarin fuka ne, amma kada ya tada hankalinsa. Magani kyauta ne, wata shida. Kuma akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Rifkatu, da ke zuwa gida kullum da safe. Ba ta miƙa magani ta wuce. Tsayawa take sai Inna ta haɗiye, ta ce "buɗe baki in gani," sannan ta yi alama a kati.

Wata biyu da farawa Inna ta yi kumari, har ta koma dakan daddawarta.

Ana nan sai waɗanda ke can ƙetare suka canza shawara. Ba wanda ya zo ya yi wa gari bayani. Tallafi ya tsaya, aka sallami ma'aikata.

Kafin Malama Rifkatu ta tafi, ta yi abin da take iyawa. Ta ɗaure wa kowane marar lafiya sauran maganinsa na wata huɗu a leda, ta ce kada a tsallake ko rana ɗaya.

Jazuli ya nemi katin. Ga shi nan, kowane gida da alamarsa, Inna da kanta ta riƙa ɗiga tawada. Ba ta tsallake ba.

To daga ina tarin ya dawo?

Washegari ya shiga maƙwabta gaisuwa. Iya Tasalla, aminiyar Inna da katanga ɗaya ta raba su, ta rasu sati uku kafin zuwansa. Ita ma tari.

Zai fito, surukarta ta biyo shi da wani kwano mai murfi. Ya gane shi. Kwanon da ke tsallake katanga ne tun yana yaro, yau tuwo ya tafi, gobe dambu ya dawo.

Ta ce a mayar wa Inna, kuma Allah ya saka mata, don har maganinta ta raba da marigayiya.

Ya ɗaga murfin. Takardun ƙwayoyi ne a ciki, duk an ɓare.

Ya dawo gida ya durƙusa gaban Inna, ya aje kwanon.

"Inna, maganin nan naki ne fa, ke kaɗai."

"To ita fa? Da ta fara tari an riga an rufe asibitin. Ina kwance ina jin ta ta katanga."

"Ai ba a raba shi, Inna."

"Guda huɗu ne kullum. Biyu nawa, biyu nata. Shekara talatin ban sauke tukunya ban miƙa mata ba. Ita ta yanke maka cibiya, kai da kake min wannan magana. Sai ranar magani zan rufe ɗaki in haɗiye ni kaɗai?"

Ya jawo kwanon. Ya rufe.



Ya nemo Malama Rifkatu. A kasuwar garin gaba ya same ta, tana sayar da zoɓo a kula. Da ta ji, sai ta zauna a kan benci ta riƙe kai.

Ta ce rabin magani ba ya kashe wannan ciwo, wayo yake koya masa. Mai yiwuwa tarin da ke ƙirjin Inna yanzu ya daina jin ƙwayoyin farko. Sai dai babban asibiti a birnin jiha, a sake gwaji, a ɗora ta kan magani mai zafi na watanni masu yawa. In ma an samu.

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Da ina tsaye a kanta, da ban bari ba. Kuma da asibitin na buɗe, da na rubuta sunan Iya Tasalla, ita ma an ba ta nata."

Kwanansa tara a gida.

Jakar da ya rantse ya rataye ta ke nan, ita ya sake saukowa da ita. Ya fitar da rabin kayansa. Ya sa zannuwan Inna, da carbinta, da katin nan mai ɗigon tawada. Motar birnin jiha na tashi bayan hantsi.

Yana jan zif, sai aka yi tari a bayan katanga.

Busasshen tari, mai tsawo. Ba na tsohuwa ba.

Surukar Iya Tasalla ce, wadda ta yi jinyarta.

Inna ta juya ta kalli katangar, ta daɗe. Sannan ta ce, a hankali, "Kai wannan. In mun je, ka ce su ba mu da ɗan yawa."

Jazuli ya saɓa jaka. 

Darasi:

Kada ka yi saurin zagin Inna. Abin da aka raine mu a kai ta yi, na cewa ba a ci a gaban maƙwabci a hana shi. Amma magani ba tuwo ba ne. Wanda aka rubuta maka naka ne, ka shanye shi har ƙarshe, ko da ka ji sauƙi. In maƙwabcinka na tari, ƙafarka za ka ba shi, ka raka shi a gwada shi.

Na biyun ya fi ɗaci. Wanda ya ba ka hannu yau, Allah ya saka masa, amma gobe yana iya janyewa ba sallama. Da tsohuwar zuma ake magani, mu kuma ba mu aje ko cokali ɗaya ba. Shekarun da baƙi suka riƙe mana asibiti, wa ya tambayi shugabanninmu abin da suka tanada wa ranar da za a sa kwaɗo?

Ka tura wa 'yan gidanku. Wadda ba ta riƙe waya, ka zauna ka karanta mata. Wataƙila yanzu haka akwai kwanon da ke shirin tsallake katanga.