Masakin Iya a Bayan Gilashi

Ina aji biyu na babbar sakandare a Dutse aka zaɓi makarantarmu ta je Legas wasan al'adu na ɗalibai. Ba don iya rawa aka sa sunana ba. Ni ko a aji malami ya kira ni sai in ji harshena ya yi nauyi. An sa ni ne don ni kaɗai na iya kiɗan ƙwarya, kuma mai kiɗa a baya take zama, ba mai kallonta.

A wurin kakata na koya, wadda ta haifi babana, muna ce mata Iya. Tana zaune a ƙauyenmu kan hanyar Jahun. A zamaninta ba a yin biki ko suna a yankin sai da ita da ƙawayenta huɗu. Yanzu dije mai kiɗan na'ura ake kira. Uku daga ƙawayen sun rasu, ɗaya ta koma wurin 'yarta a Ringim, idon Iya kuma ya tafi, sai dai ta bambance haske da inuwa. Hannunta ne bai tsufa ba. Kwano, murfin tukunya, gwiwarta, duk abin da ya zo kusa sai yatsunta sun kaɗa shi.

Tun kafin a haife ni wasu mutane suka zo da mota daga Legas suna neman tsofaffin kaya. Suka ga masakinta, babbar ƙwaryar da ta gada daga matar da ta koya mata kiɗa. Suka ce za su ajiye shi a gidan tarihi, inda duk duniya za ta zo ta gani. Ta ba su. Suka bar mata wata takarda mai hatimi da lamba, ta naɗe ta a leda ta sa a ƙasan akwati.

Ranar Asabar kafin tafiya na je yi mata sallama. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa.

"Ƙawata, an ce Ikko za ki?"

"E, Iya."

"Ke? Da wannan bakin naki? In kika ɓata ko sunanki ba za ki iya faɗa ba."

Ta yi dariya, sannan ta sa na ɗauko takardar, da wani ɗan gwangwanin man shanu. Ta ce in na ga masakin zan gane shi. Ya taɓa tsagewa daga baki, mai gyartai ya ɗinke shi, ɗinki goma sha ɗaya, na ƙarshen ya karkace don zaren ya ƙare masa. In shafa masa mai a wurin ɗinkin, don ya daɗe bai sha ba.

"Amma ba wannan ne babba ba," ta ce. "Ki duba mini ko a kife yake."

Na san abin da take nufi. Su biyar ɗin suna da wata ƙa'ida da suka taras. Masakin kiɗa a kife ake kaɗa shi, a kife ake ajiye shi. Ba a juya bakinsa sama sai ranar da mai shi ta rasu. A ranar nan ne ƙawayenta za su buɗe shi, su cika shi da gero, a raba sadaka, ba kuma za a sake kaɗa shi ba. Sau uku Iya ta buɗe na wasu da hannunta.

"In ba a kife yake ba fa?" na ce.

"Sai ki gaya musu su kife shi. Ki ce mai shi tana nan, gyaɗa ma take ɓara."

Mun yi kwana da yini a mota. Abin da na fara lura da shi a Legas iska ce, mai nauyi da danshi, ka shanya safa da safe har yamma ba ta bushe ba. Mun hau wata gada mai tsawo, ruwa ta hagu ta dama, 'yan matan duk suka koma taga suna ihu. Ni jakata na riƙe. Man shanun ya narke ya yi ɗan zoben maiƙo a gefen farin hijabina, na ninke wurin ciki.

Washegari aka kai mu gidan wasan. Ban taɓa ganin ɗaki mai girmansa ba. Kujerun jajaye ne, in ka tashi sai su naɗe kansu. Kafet ɗin yana warin ruwa. Sanyin na'ura ya sa haƙorana haɗuwa, amma a kan dandamali fitilu suna gasa ƙeya. Kujeru da yawa ba kowa, waɗanda ke ciki kuma ɗalibai ne irinmu masu jiran nasu lokacin.

Wani mai riƙe da takarda ya zo ya yi magana da malamarmu. Ta dawo ta ce an rage mana lokaci, kuma sun ce ba za a ji ƙwarya a ɗaki irin wannan ba, za a sa kiɗa daga wayarta ta lasifika.

"Ke ki zauna a wurinki, ki riƙa motsa hannu kawai. Kar ki taɓa ta, za ki ɓata musu taku."

Haka na yi. Na zauna a baya da ƙwaryar makaranta a gabana, ina ɗaga hannu ina saukewa, tafina yana tsayawa kafin ya kai. Aka tafa mana. Ban damu sosai ba, don hankalina yana kan gobe, ranar da za a kai mu gidan tarihi.

Gidan tarihin ya fi ƙanƙanta. A bakin ƙofa aka ce kowa ya ajiye jaka, ba a shiga da komai, ba a ɗaukar hoto. Gwangwanin ya tsaya a can. Takardar kaɗai na zare na cusa a hannun rigata. Wata mata mai shuɗiyar riga ta shige gaba tana yi mana bayani da Turanci mai sauri, tana nuna kawunan tagulla da gumakan katako da sandunan sarauta. Muka wuce ɗaki uku. A na huɗu, a wani lungu da ƙwan fitilarsa ɗaya ya mutu, na ga faifai biyu, da mazari, da buta, da masaki.

Na matsa har numfashina ya ɓata gilashin. Ɗinkin yana ta ɓangaren bango, sai da na karkata wuya. Na ƙirga sau biyu. Goma sha ɗaya, na ƙarshen a karkace. Zaren ya yi fari-fari da funfuna. A gefe akwai wurin da zobban Iya suka cinye, ya yi santsi.

Bakinsa yana kallon sama. An ma sa masa ludayi a ciki. A ƙaramar takardar da ke gabansa an rubuta cewa kwanon cin abinci ne daga Arewa. Ba sunan gari, ba sunan kowa. Lambar da ke ƙasa ita ce ta takardar da ke hannun rigata.

Wata 'yar ajinmu, wadda ke jan rawa, ta dafa kafaɗata.

"Ke, daga Dutse kika taho Legas kallon ƙwarya? Babu a gidanku?"

"Ta kakata ce."

"Ni ma wancan kan tagullar na kawuna ne," ta ce, sauran suka fashe da dariya.

Matar mai shuɗiyar riga ta juyo ta tambaya ko akwai mai tambaya. Tsakanina da ita bai fi taku huɗu ba. Na riga na shirya maganar da Turanci tun a mota, jimla uku ce, na maimaita ta har na haddace. Na ɗaga hannu zuwa ƙirjina. Ta kalle ni, ta ɗan yi murmushi, tana jira. Na ga akwai mukullai a ɗaure a kugunta, guda shida, ɗaya ƙarami mai jan zare. Na ga kowa ya juyo. Sai na gyara hijabina da hannun, kamar dama abin da na ɗaga shi yi ke nan.

Ta ce to mu je gaba.

A harabar gidan tarihin na samu malama na ce ina son in koma ciki. Ta ce direba yana jira, za a kai mu bakin teku. Ta tambaye ni ko mantuwa na yi. Na ce a'a. Da na ce e, da ta bar ni. Har yau ina tunanin wannan. A bakin teku kowa ya cire takalmi, ni na zauna kan yashi da jakata a cinya.

Sai da na yi mako biyu da dawowa kafin na je ƙauye. Iya ta gane takuna tun daga zaure.

"'Yar Ikko! Kin dawo da bakinki ko kin baro shi can?"

Na gaishe ta, na zauna. Na ba ta labarin gada, da kujeru masu naɗe kansu, da ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ta bar ni na gama. Yatsunta suna kaɗa gefen tabarma.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi, Iya. Goma sha ɗaya."

Ta miƙo hannu, na sa mata gwangwanin. Ta auna shi a tafinta, ba ta buɗe ba.

"A kife?"

Na yi niyyar in ce e. Wa zai gaya mata? Amma ko ƙaryar ma ta ƙi fita. Wata akuya ta shigo ta ja ganyen da ke kan turmi, ba wanda ya kore ta.

"Kin gaya musu?"

Na kalli ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma tsokane ni ba, abin da na fi so ta yi.

"An zuba masa wani abu?"

"Ludayi ne a ciki."

"Ludayi," ta ce.

Ta kira matar baffana ta ce a auno gero a rumbu, kwatankwacin cikin masaki, a raba wa maƙwabta. Matar baffa ta tambaya sadakar me. Iya ta ce a dai raba. Ni aka ba tiren na shiga gida-gida. Kowa ya karɓa ya ce Allah ya ba da lada, wasu suka tambaya wa ya rasu, na ce ba kowa.

Iya tana nan da ranta. Duk hutu ina zuwa, ina taya ta ɓarar gyaɗa. Hannayenta a kan cinya suke zama yanzu. Na taɓa ajiye kwano kusa da ita da gangan, ta laluba, ta ture shi gefe don kar ya faɗi.

Takardar tana wurina, ba ta tambaye ta ba. Jimlolin nan uku na rubuta su a bayan littafin lissafina da kyakkyawan rubutu, na ƙara lambar a ƙasa. Ban san wa zan aika wa ba, kuma ban tambayi kowa ba.