Ƙayar Aduwa da Zanen Shuni

Na saɓule takalmana na rataya a wuya don kada su lalace. Wautar ke nan, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Sababbi ne, Baba ya sayo mini su ranar da ya kai bijimi kasuwar Dakoro, jar fata mai ƙamshi, in ina tafiya suna kuka kamar 'yan tsaki. Da muka kora shanu zuwa rijiya ta hanyar Ɗan Gulbi, na dubi ƙasa, na dubi takalma, na yi lissafi irin nawa: ƙafa tana warkewa, takalmi ba ya warkewa. Ban yi nisa ba na taka ƙayar aduwa.

Na gaya wa yara tsawonta ya kai mashi. Gaskiya ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta shiga ne a gindin ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Na fizge ta, na tofa wa wurin yawu, na shafa ƙasa, na bi shanu. Ban lura ba, ashe ta fito ba tsini.

A gida an san ni. Ni ne na taɓa tayar da unguwa da ihun na ga kura mai girman raƙumi, aka fito da sanduna aka tarar da karen maƙwabta yana lasar ƙwarya. Saboda haka da na ce ƙafata tana bugawa kamar kalangu, Kawu, ƙanen Inna, ya ce to in tashi in taka rawa. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Kaka ce ba ta yi ba. Mahaifiyar Baba ce, tun ina rarrafe take kirana mijinta, ni kuma ina barazanar sakinta duk ranar da ta hana ni nono. Ta ga na ture fura ban shanye ba.

"Mijina ya bar fura a ƙwarya? To ko dai an yi mini kishiya, ko kuwa ba lafiya. Miƙo ƙafar nan."

"Tsohuwa, ki bari sai na mutu ki ci gado. Takalma ne."

Ta ɗora bayan hannunta a kan ƙafar. Ta matsa sama kaɗan, ta sake matsawa, tana bin wani siririn layi mai duhu da ni ban gani ba sai da yatsanta ya nuna mini. Ya taso daga yatsan, ya haura idon sawu. Daga nan ta tura hannu gindin cinyata ta danna, na yi ƙarar da na tabbata an ji har garin Tagriss. Akwai wani ƙwallo a wurin, mai tauri kamar ɗan goruba.

Ta aika aka kawo shunin da take rina zare da shi. Ta dangwala yatsa, ta zagaye ƙwaurina daidai inda zafin ya tsaya.

"Wanga na mi ne?"

"Iyaka ce. Gobe mu ga wa ya ƙetare."

Tana jiƙa ƙafar cikin ruwan bagaruwa mai ɗumi take yi mini bayani. Ta ce jikin mutum ba kango ba ne, akwai masu gida a ciki. Ƙanana ne, ido bai ganinsu, cikin jini suke kiwo. In baƙon abu ya shigo, naman wurin sai ya yi kururuwa, su kuma su taso daga ko'ina, yadda karnukan ruga ke yi in kura ta faɗa garke. Suna bin jijiya kamar shanu a burtali, in sun zo daidai wurin sai su ratsa shinge su faɗa cikin nama. Zafin nan gudunsu ne. Kumburin nan cunkosonsu ne.

"To ƙwallon nan fa?"

"Kaluluwa ce, zangonsu. Abin da ya kuɓuce daga ƙafa, nan ake tare shi. Ba ka gani ba in an feɗe akuya mai ciwon ƙafa, ana samun irinta ta kumbura a sama?"

"Ashe shi ya sa nake cin tuwon mutum uku. Runduna nake ciyarwa, kuna ce mini mai haɗama."

Ta yi murmushi. Na ce, "In ya wuce zangon fa?"

Ta juya ta ce wa ƙanwata ta ƙaro ruwan zafi.

Ba sai ta amsa ba. Kowa a garinmu ya san mai haƙar rijiyar nan da dutse ya yanka a tafin ƙafa damina biyu da suka wuce. Ƙato ne, shi kaɗai yake jan guga mai cin mutum biyu. Shi ma an yi masa zanen shuni. Ni da yara mun leƙa ta danga muna ƙirga zoben da ke ƙafarsa muna dariya, muna cewa ya zama zabo. Zoben ƙarshe a cikinsa aka zana. Ranar da aka wanke gawarsa, shunin bai fita ba.

Washegari zafin ya ƙetare iyakar Kaka da faɗin yatsa biyu. Ta zana sabuwa. Da ta ba da baya na lashi yatsa na fara goge ta ƙasan, wai in ba a ga tsohuwar ba ba za a san an ci ƙasa ba. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Shunina ba ya jin yawun maƙaryata."

Kawu ya daina dariya. Shi ya je ya taho da wanzami, dogon tsoho mai zabira a kafaɗa, ya ce a sa ƙarfe a wuta yanzu-yanzu a huda, a bar wasa da ruwan bagaruwa. Wanzamin ya tsuguna, ya latsa kumburin da manyan yatsunsa biyu, ya saurara kamar mai zaɓen kankana.

"Bai nuna ba. In na huda yanzu jini kawai zan zubar, in buɗe wa abin sabuwar hanya. Ku bari su tara shi wuri ɗaya."

"In ba su tara ba fa?" in ji Kawu.

Wanzamin ya dubi zoben, ya dubi gwiwata, ya rufe zabira. Ya ce ba zai yi nisa da gari ba.

Daga nan kwanakin suka cakuɗe mini. Zazzaɓi ya zo, rana tsaka ina rawar sanyi cikin bargo biyu. Zobe ya zama uku, ya zama huɗu, na huɗun a ƙarƙashin gwiwa. Kaluluwar ta kai ƙwan zabo, wannan karon ba ƙari na yi ba. Mata suka janye turmi daga kusa da ɗakin. Baba ya bar shanu a hannun ƙanena ya zauna a ƙofa yana jan tasbaha. Ina kwance ina kallon jerin tururuwa a bango, wasu na hawa wasu na sauka, ina ji kamar haka ake yi a cikin cinyata. Na riƙa yi musu kirari a zuci, ina alkawarin in sun ci nasara zan shanye musu nonon garke duka.

Ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama kusa da ni gaban mutane. "Kai yaro" take cewa, ko ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wancan ya zo ya ci." Haka ake yi, ban taɓa jin komai ba. Ran nan da hantsi ta shigo, Kaka na zaune, Kawu na tsaye, ta durƙusa ta ɗora kaina a cinyarta, ta kira sunana. Sau biyu.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na nemi abin dariyar da zan faɗa, ban samu ko ɗaya ba. Kaka ta sunkuyar da kai, ba wanda ya ce Inna ta yi rashin kunya.

Da safiyar da ta biyo baya, Kaka ta ɗora bayan hannu a gwiwata ta daɗe. Ta sauko ƙasa da zoben na huɗu, ta sake hawa, ta sake saukowa. Ba ta taɓa shuni ba. Zafin bai ƙetare ba. A gindin yatsan kuwa kumburin ya yi kai, ya yi laushi, fatar ta yi sheƙi.

Wanzami ya latsa ya ce, "Yanzu ne." Maza huɗu suka danne ni, ko da yake ina gaya wa yara goma ne. Ƙarfen ya fito daga wuta ja wur. Abin da ya zubo fari ne mai kauri, da wari har ƙanwata ta gudu. Kaka ta ce in duba da kyau, gawarwakin masu gida ne haɗe da na abokan gaba, kada in yi musu tsaki. Cikinsa wanzami ya tsinto tsinin ƙayar ya ɗora mini a tafin hannu. Bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Zazzaɓin ya sauka, kaluluwar ta riƙa motsewa har ta koma kamar wake, tana nan har yau in na laluba. Ƙaramin yatsan bai dawo ba: ya yi baƙi ya bushe, wanzami ya cire shi kafin lokacin girbi ya shigo. Inna ta koma "kai yaro". Takalman kuma ƙanena aka ba, don igiyar na hagu tana gogar tabon.